Me Ya Sa Injin Espresso Na Gida Ba Ya Tayar Da Kumfar Madara, Kuma Ina Gyaran Yake?

Me ya sa injin espresso da aka rubuta "bar 15" da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa yake kasa tayar da kumfar madarar da za ta cika kofi ɗaya tak? Wannan tambaya ta yawaita a bakin masu shan kofi a Kaduna, musamman waɗanda suka ɗanɗani kafucino, wato kofin da ake haɗawa da madara mai kumfa, a shagunan cikin gari ko a wata tafiya, suka dawo suka sayi ƙaramin inji domin su riƙa haɗawa a gida. Wasu sun sayi sabo, wasu kuma sun tsinci nasu a cikin kayan gwanjo. Koken nasu kusan iri ɗaya ne: tururin yana fitowa da ƙarfi a sakan na farko sannan ya lafa, ko ya riƙa tofar da ruwa, madarar ta yi zafi amma kumfarta ta zama manyan ƙwayoyi da ke fashewa kafin a kai kofin baki. Daga nan sai a yanke hukunci cewa injin jabu ne, ko a tafi neman mai gyara ya "ƙara masa ƙarfi". Sau da yawa duka biyun kuskure ne, domin matsalar ta zafi ce, kuma a gari irin namu zafin yakan ɓace tun daga soket ɗin bango.

Lambar da ke jikin kwali

Injin espresso ayyuka biyu yake yi, kuma kowanne da hanyarsa. Aiki na farko shi ne tura ruwan zafi ta cikin garin kofi da aka danne, kuma wannan yana buƙatar ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 da matsi na kimanin bar 9. Ƙaramin famfon lantarki ne ke samar da wannan matsi, kuma bar 15 da ake tallatawa iyakar ƙarfin famfon ne. Aiki na biyu shi ne fitar da tururi, kuma a nan famfon ba shi ne ke turawa ba. Ana rufe ruwa ne a cikin tukunyar ƙarfe, hita ta dafa shi har ya wuce digiri 100, tururi ya taru a samansa ya rasa mafita. Idan zafin ruwan ya kai digiri 120, matsin tururin yakan kai kimanin bar 1. A digiri 127 yakan kai bar ɗaya da rabi. Manyan injunan shagunan kofi ma a tsakanin nan suke aiki. Saboda haka wanda ya zaɓi inji mai bar 20 a kan mai bar 15 da fatan samun tururi mai ƙarfi bai ƙaru da komai ba.

Lissafin da ke bayan kofi ɗaya

Yana da kyau a san yawan zafin da ake magana a kai. Madara mililita 200 da aka fito da ita daga firji tana da sanyin digiri 5, ana kuma son kai ta digiri 60. Wannan yana cin kimanin jul 44,000 na makamashi. Hita mai wat 1200 tana ba da jul 1200 ne a kowane sakan, don haka ko da babu ɗigon zafin da ya salwanta, sai ta yi kusan sakan 37 kafin ta gama aikin. A zahiri takan wuce haka, domin jikin inji da bututun tururi da kofin ƙarfen da ake zuba madarar a ciki duk suna shan nasu rabon.

To yaya injin shago yake gamawa cikin 'yan sakan kaɗan? Amsar tana cikin ajiya. Tukunyarsa takan ɗauki lita 10 ko fiye, kuma idan akwai ruwa lita 6 a cikinta, saukar zafinsa da digiri 2 kacal ta isa ta biya bukatar wannan kofi. Tukunyar Gaggia Classic, ɗaya daga cikin sanannun injunan gida da ake ƙerawa a Italiya, ba ta wuce kimanin mililita 100 ba. Ko da zafin ruwanta ya faɗi da digiri 20, abin da zai bayar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nema ba. Ta Rancilio Silvia tana ɗaukar mililita 300, shi ya sa aka san ta da tururi mai ƙarfi a cikin ƙananan injuna. Lamarin kamar na tankin ruwan saman gida ne da injin burtsatse: mai babban tanki yana iya buɗe famfo uku a lokaci guda ba tare da ya ji a jikinsa ba, mai ƙaramin tanki kuwa abin da injin ke turowa a wannan lokacin shi kaɗai yake samu. Ƙaramin injin espresso a kan hitarsa yake rayuwa, kuma wannan ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Tururin da ya shiga madara ba ya ɓacewa, komawa ruwa yake yi. Kusan giram 20 na ruwa ke ƙaruwa a cikin waccan madarar, wato kimanin kashi 10 cikin 100. Idan tururin jiƙaƙƙe ne, mai ɗauke da ɗigon ruwan da bai zama tururi ba, ruwan da ke ƙaruwa yakan fi haka, madarar ta yi salam.

Wane irin inji ne a gabanka?

Mafi yawan injunan da ake samu a gidaje kashi biyu ne. Akwai mai tukunya ɗaya, wanda yake dafa ruwan kofi, sannan idan aka danna maɓallin tururi ya ƙara wa tukunyar zafi, a jira shi na ɗan lokaci. Akwai kuma wanda ba shi da tukunya sam, sai dunƙulen ƙarfe mai siririn bututu a ciki, wanda ake kira tamobulok, irin na De'Longhi Dedica da makamantansa. Shi wannan famfonsa ne ke turo ruwa kaɗan-kaɗan cikin ƙarfen da ya yi zafi, ruwan ya zama tururi nan take, kuma daga nan ne ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji take fitowa. Tururinsa ba ya yankewa, amma ba shi da ajiya, don haka ba zai taɓa wuce abin da hita ke bayarwa ba. Sama da waɗannan akwai masu tsada: mai babbar tukunyar tururi da bututun ruwan kofi ya ratsa ta cikinta, tsarin da kamfanin Faema ya shahara da shi tun daga injinsa na E61 a 1961, da kuma mai tukunya biyu, kowace da aikinta. Masu irin waɗannan ba su cika kuka da raunin tururi ba, sai idan wani abu ya lalace.

Wutar da ke bango

Wannan ne ɓangaren da shawarwarin da ake karantawa daga Turai da Amurka ba sa taɓawa, domin su ba sa fama da shi. Ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne, kuma a kansa aka lissafa wat ɗin da ke rubuce a ƙarƙashin inji. Amma duk mazaunin Kaduna ya san yadda wuta ke zuwa da rauni a unguwanni masu cunkoso, musamman da magariba ko a watannin zafi na Maris da Afrilu lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙarfin hita ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ninki yake yi. Idan wuta ta sauka zuwa bolt 200, hita tana ba da kashi 76 cikin 100 na ƙarfinta ne. Idan ta sauka zuwa 180, kashi 61 kawai ya rage, wato hita mai wat 1200 ta koma kamar mai wat 735, kuma aikin sakan 37 ya koma na minti ɗaya cur. Fitilun injin za su kunna, famfonsa zai yi ƙara, kofin ma zai fito, domin ruwan kofi yana da lokacin da zai yi zafi a hankali. A wajen tururi ne kaɗai asirin ke tonuwa.

Saboda haka matakin farko, kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, shi ne a auna wutar soket ɗin a daidai lokacin da injin yake dafa ruwa. Ƙaramar mitar aunawa tana samuwa a wurin masu sayar da kayan wuta a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kuma yawancin sitabilaiza suna nuna lambar a fuskarsu. Idan lambar ta faɗi sosai da zarar hita ta kama, to ko dai wayar gidan ce siririya, ko kuma an jona injin a kan doguwar wayar ƙari mai arha wadda firji da butar lantarki suke rabawa da shi. Irin wannan waya takan yi ɗumi idan an taɓa ta, kuma ɗumin nan zafin da ya kamata ya shiga madara ne. Inji ya kamata ya samu soket nasa na bango. Idan kuwa raunin daga layi yake, sitabilaiza ce magani, amma wadda ta fi ƙarfin injin nesa ba kusa ba, domin sitabilaiza ba ta iya ɗaukar cikakken nauyin da aka rubuta mata idan wutar da ke shigowa ta yi ƙasa sosai. Ga inji mai wat 1200 zuwa 1500, ni dai ba zan ba da shawarar wadda ƙarfin da aka rubuta a jikinta ya gaza VA 3000 ba.

Ƙaramin janareta da bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauki wannan aiki ba ko kaɗan, haka nan inbata ta sola da aka haɗa domin fitilu da talabijin. Sai kuma batun injunan gwanjo da suka fito daga Amurka, waɗanda aka ƙera su domin bolt 120. Jona su kai tsaye ƙona su ne. Ko da an sa taransifoma mai rage wuta, yawancinsu rabi suke rabawa, don haka idan bango ya ba da 180, injin 90 zai samu, abin da ya rage masa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa ba. Mai saye ya juya injin ya karanta ƙaramar takardar da ke manne a ƙasansa kafin ya yi ciniki.

Farin dutse da busasshiyar madara

Dalili na biyu shi ne ruwa. Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnesiyam, yawansu kuma ya bambanta daga wannan unguwa zuwa waccan. Idan aka dafa ruwa, sinadaran nan suna daskarewa su zama farin ɓawo, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin taruwarsu, shi ya sa hanyar tururi ce ta fi cutuwa. Ɓawon yana shiga tsakanin hita da ruwa ya hana zafi wucewa, yana ƙuntata bututu, yana kuma rufe na'urar da ke auna zafi har ta riƙa yin ƙarya. Wanda yake son sanin halin ruwan gidansa ya leƙa gindin butar lantarkinsa. Maganinsa shi ne wanke cikin injin lokaci-lokaci da ruwan wankin da kamfanin ya amince da shi, kuma a kula musamman da tukunyar alminiyam, domin ba kowane sinadari mai tsami take jurewa ba. Ruwan da aka tace shi har babu sinadari ko kaɗan shi ma ba mafita ba ne, domin wasu injuna da sinadaran suke gane cewa akwai ruwa a tukunya.

Abin da ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi yawan faruwa, shi ne toshewar bakin bututun. Ramukan da tururi ke fita ba su fi milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Idan aka rufe tururi alhali bakin yana cikin madara, bututun yakan zuƙo ɗan madara ciki yayin da yake hucewa, ta dahu ta bushe ta zama ɓawo mai launin ƙasa. A kwance bakin, a jiƙa shi a ruwan zafi, a ɗaga shi sama a duba ko haske yana ratsa kowane rami, a tsokane shi da tsinken sakace ba da abin da zai faɗaɗa ramin ba. Daga nan kuma ya zama ɗabi'a: da an gama, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a saki tururi na sakan biyu.

Dabarun da ba sa cin ko kwabo

A wasu injuna masu tukunya ɗaya, fitilar da ke nuna cewa tururi ya shirya tana kunnawa ne a daidai lokacin da hita ta mutu. Wanda ya jira fitilar, to ya fara aiki ne da ɗan zafin da ke ajiye, kuma kafin hita ta sake kamawa matsin ya riga ya faɗi. Dabarar ita ce a lura da tsawon lokacin da fitilar ke ɗauka, sannan a buɗe tururin 'yan sakan kafin ta kunna, ta yadda hita za ta ci gaba da ci har a gama. Kafin nan kuma a buɗe bututun cikin wani kofi daban har ruwan da ya taru ya fita, abin da ke ba tururi fili a saman tukunya ya kuma busar da shi. Bayan an gama wajibi ne a sake cika tukunyar ta hanyar kunna famfo har ruwa ya fito, musamman a injunan da hitarsu ke nutse cikin ruwa, domin barin ta a bushe shi ne ke ƙona ta.

Girman kofin ƙarfen ma yana da tasiri. Ƙaramin inji ba zai iya juya madarar mutum uku a lokaci guda ba. Kofi mai ɗaukar mililita 350 da madara ƙasa da rabinsa shi ne daidai da shi. A sa bakin bututun ɗan ƙasa kaɗan da saman madarar, a gefe ba a tsakiya ba, har a ji ɗan sautin iska tana shiga. Da gindin kofin ya fara ɗumi a tafin hannu, a ɗan nutsar da bakin domin madarar ta riƙa kewayawa tana farfasa manyan ƙwayoyin kumfa, a kuma tsaya da zarar hannu ya kasa jurewa.

Masu buɗe inji da masu hanawa

A nan ne ra'ayi ya rabu. Ɓangare ɗaya na ganin cewa kamfanoni suna rage ƙarfin injunan gida ne domin kare wanda bai iya ba, don haka babu laifi a canza wasu sassa. Ɗayan ɓangaren na cewa tukunya mai matsi ba abin wasa ba ce. Gaskiyar ita ce canje-canjen ba matsayinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne cire hular roba ko ta ƙarfe da ake sakawa a bakin bututun injuna masu arha, wadda ke zuƙo iska da kanta ta wani ɗan rami a gefe. Ita ce ke haifar da busasshiyar kumfa mai manyan ƙwayoyi, kuma masu tsohuwar Gaggia Classic sun daɗe suna maye gurbin bututunta da na Rancilio Silvia saboda wannan dalili. Wannan ba ya ƙara zafi, iko kawai yake ba hannu. Canza baki ma haka ne, sai dai mutane sukan yi shi a baibai: suna sayen baki mai rami huɗu irin na shago, alhali ƙaramar tukunya ba ta da abin da za ta ciyar da rami huɗu, sai matsin ya zube nan da nan. Ga ƙaramin inji, baki mai rami ɗaya ko biyu ƙanana shi ne ke riƙe matsi ya kuma juya madara da kyau.

Mataki na gaba shi ne ɗaga zafin tukunyar kanta, ko ta hanyar canza na'urar da ke kashe hita da wadda ke jure zafi mafi yawa, ko saka na'urar lantarki ta PID mai daidaita zafi, ko murɗa ƙusar matsi a manyan injuna. Wannan yana ƙara tururi da gaske, amma yana tsufar da robobin da ke toshe mahaɗai, yana iya ƙona fis ɗin kariya, yana kuma soke garanti. A injin da ruwan kofi ke ratsa tukunyar tururi, ƙarin matsi yana sa ruwan kofin ya yi zafi fiye da kima har ya yi ɗaci. A wurinmu akwai ƙarin damuwa biyu. Kayan gyaran waɗannan injuna sai an yi odarsu daga waje da kuɗin ƙetare, a jira makonni. Sannan mai gyaran dutsen guga da butar lantarki, idan ya tarar fis ya ƙone kuma ba shi da madadinsa, abu ne sananne ya haɗa wurin da guntuwar waya ya ce aiki ya yi. A tukunya mai matsi, wannan fis da bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa su ne kariya ta ƙarshe, kuma bai kamata a yarda kowa ya tsallake su ba. A ganina, wanda wutar gidansa ke sauka zuwa bolt 180 ba shi da dalilin buɗe inji, domin ɗaga ma'aunin zafi ba zai ba hita ƙarfin da bango ya hana ta ba.

Ita kanta madarar

Wani lokaci injin lafiyarsa ƙalau, madarar ce ba ta amsawa. Furotin da ke cikin madara shi ne ke lulluɓe ƙwayoyin iska ya riƙe su, kitse kuma shi ke ba da maiƙo da garɗi. Idan zafi ya haura digiri 70, furotin ɗin yakan lalace, kumfar ta rushe, ɗanɗanon ya koma na dafaffiyar madara, shi ya sa ake tsayawa tsakanin digiri 55 da 65. Madarar kwali mai cikakken kitse tana yin kumfa da kyau idan ta yi sanyi. Madarar gari, wadda ita ce a yawancin gidajenmu, ita ma tana yi, da sharaɗin a dama ta tun da wuri da ɗan kauri fiye da yadda aka saba saboda ruwan da tururi zai ƙara, a sa ta a firji ta yi sanyi sosai. A duba jikin gwangwani ko leda, domin wasu nau'o'in an cire kitsen saniya an sa man tsirrai a madadinsa, kuma kumfarsu da ɗanɗanonsu sukan bambanta. Ta gwangwani mai kauri sai an sirka ta da ruwa. Nono da kindirmo kuwa tsinkewa za su yi saboda tsaminsu.

Ɗanyar madarar shanu da ake kawowa daga rugage tana da nata hukunci. Idan ta jima a hanya cikin zafi, kitsenta yakan fara narkewa zuwa wasu sinadarai da ke karya kumfa, sai a ga ƙwayoyin suna fashewa da ɗan sauti komai ƙarfin injin. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, kai madara digiri 60 na 'yan sakan ba ya kashe ƙwayoyin cututtukan da ake iya ɗauka daga shanu, irin su tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, domin ƙa'idar ita ce digiri 63 na minti 30 ko digiri 72 na sakan 15. Wanda zai yi amfani da ita sai ya fara dafa ta a tukunya, ya tace, ya bar ta ta huce a firji, sannan ya kawo ta gaban bututun tururi.